Sakin Layi na Sha Huɗu

Na sauka a Rigasa da jirgin la'asar,
jakata cike da takardun da ba a buɗewa gaban mutane.
Mai adaidaita ya dubi takalmina, ya ninka kuɗi.
Ban taya ba.

A Kakuri Baba na nan kan bencinsa,
bayansa ga katangar masaƙar da ta ci ƙuruciyarsa
ta kuma rufe ƙofa ba sallama.
Ya ce, "Ashiru, yau dai ka fid da ni duhu:
kai soja ne, ko ba soja ba?"
Na ce ban taɓa riƙe bindiga ba, Baba,
shawara nake ba masu riƙe ta.
Ya jinjina kai. "Wato wasa wuƙa naka,
yanka na wani."

Da ma zan iya nuna masa ɗakin:
dogon tebur, tutoci tara, ruwan gora,
tafinta na raɗa a kunnena kamar sauro.
Kwana uku muka yi a kan kalma biyu,
ko a ce "za mu kai ɗauki",
ko a ce "za mu duba yiwuwar kai ɗauki".
Wani janar ya ce man jirgi ya yi tsada,
wani ya ce majalisar ƙasarsa tana hutu.
Ni na raba gardama.
Na rubuta sakin layi na sha huɗu:
a rage dakarun sansani mai lamba talatin da ɗaya
zuwa ɗaukewar damina.
Aka yaba tsarin jimlar.
Har hannu aka ba ni.

Washegari Mama Rifkatu ta taso daga Sabon Tasha
da kwanon acca a ɗaure cikin ɗankwali.
Ita ta goya ni shekarar da Inna ta kwanta asibiti,
ni a baya, Ishaya a ciki.
Ta kwance bakin leda:
hularsa, agogon da ya tsaya,
da wasiƙa mai hatimi, layi huɗu,
an ma rubuta sunan ba daidai ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta gama wannan tun Yuli.
Ta ce, "Kai da kake zama da manya,
wurin da ya faɗi, yana cikin taswirarku?"

Yana ciki, Mama.
Ɗigo ne ja, bai kai ƙwayar gero ba.
Na sha ɗora yatsa a kai,
yatsan ya rufe shi duka,
da rijiyar, da buhunan yashi, da mutum arba'in.
Wannan a cikina na faɗa.
Bakina ya ce, "Zan bincika."
Ta ce Allah ya yi albarka,
ta tura mini kwanon, wai in ci tun da zafi.

Na raka ta har titi.
A hanyar dawowa na zarce gada, na tsaya.
Kogin ya cika, ja wur,
yana jan reshe da robobi da takalmi wari guda,
bai tambayi na wace unguwa ba ne.

Da dare aka ɗauke wuta.
Waya ta haska: ana son gyara na biyu kafin Litinin,
a taƙaita, a sassauta lafazi.
Baba na fifita da kwali cikin duhu.
Ya ce, "A masaƙa, in zare ɗaya ya tsinke
injin gaba ɗaya ke tsayawa,
ba ya tashi sai an nemo bakin zaren an ƙulla.
Zare ɗaya fa, cikin dubu."

Ya yi shiru, har na zaci barci ne.
Sai ya ce, "Ku naku injin,
me ke tsayar da shi?"